Sunan da Ba a Faɗa a Rugar Hammanjoda

Duk wanda ya bi hanyar Sahuda da hantsi a shekarar da ta biyo bayan ƙuri'ar raba gardama, wato bayan mutanen Mubi sun gama jayayyarsu sun zauna a Najeriya, to sai ya tsaya kallon 'yan aji ɗaya na makarantar En'e, wato ta hukumar gargajiya, da ke bakin hanya. Yara ne cike da gindin tsamiya, su tsuguna, su miƙe, su sake tsugunawa, kamar kwaɗi a farkon damina. A gabansu kuma ga Malama Dibora riƙe da kara, ba don duka ba, don zane a ƙasa.

Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, 'yar Kamwe daga duwatsun Michika. Idan ta kira yaro a filin makaranta, masu wanki a bakin mayo, wato kogi, sai sun waiwaya. Tun da ta fara koyarwa ba ta taɓa shakkar hanyarta ba, kuma a gaskiya ba a ba ta dalilin shakka ba, domin yaran da suka bi ta hannunta ba a sake koya musu inda ake sa babban baƙi. Ga yadda take yi. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Akuya!" Yara su tsuguna. "Gari!" Su ƙara maƙalewa a ƙasa. "Mubi!" Sai su yi zumbur su miƙe. "Mayo!" A tsuguna. "Yedzaram!" A miƙe. "Ƙasa!" A tsuguna. "Najeriya!" Nan kam har da tsalle, domin sunan sabo ne a bakinsu, daɗinsa suke ji.

Takan ce musu, "Akuya yawa gare su, kowace akuya akuya ce. Amma Mubi guda ɗaya ce. Duk abin da yake da sunan kansa, baƙinsa na farko tsaye yake, ya fi na bayansa tsawo. Yadda kuke miƙe masa, haka shi ma zai miƙe a allo."

Wata rana wani yaro mai kan gardama ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mu Zira huɗu ne a ajin nan. Mu ma tsugunawa za mu yi kamar akuya?"

Ba ƙarya ya yi ba. Mutanen Kamwe suna ba yaro suna ne bisa layin haihuwarsa. Ɗa na biyu Zira ne, na huɗu Vandi, ko'ina ka je. Ita kanta Malama Masi ce a gida, 'ya ta biyu, sai a coci ta zama Dibora. Ta dube shi ta ce, "Uwarka Zira nawa ta haifa?"

"Ɗaya, Malama."

"To miƙe, kada in ga ka sake tsugunawa."

A garinsu suna ba abin ɓoyo ba ne. Uwa takan tsaya a kan wannan dutse ta ƙwala wa ɗanta kira a kan wancan, kowa ya ji, kuma daga jin sunan an san ko na nawa ne a ɗakin uwarsa. A haka Dibora ta tashi, saboda haka a wurinta ƙaunar mutum ita ce ka kira sunansa da ƙarfi.

A cikin ajin akwai yarinya guda ɗaya 'yar Fulani, siririya mai manyan idanu, 'yar wani makiyayi Hammanjoda da rugarsa take ta ɓangaren Mugulbu. Ba da son ransa ya kawo ta ba. Jauro, wato mai unguwarsu, shi ya matsa, don En'e ta ce kowace unguwa ta ba da yara. Hammanjoda ya yarda amma da sharaɗi: zuwa ƙarshen damina kawai. Idan ruwa ya ɗauke bai ga amfanin abin ba, yarinya za ta bi shanu inda za su ci rani, shi ke nan ita da boko. Dibora ta san da sharaɗin, kuma ko a jikinta, domin ta riga ta yanke a ranta cewa yarinyar nan ba inda za ta.

Ranar da aka kawo ta, Dibora ta tambaye ta sunanta, ta ce Dada.

"Dada ai uwa ce da Fillanci. Kowa a nan yana da dada. Sunan yanka nake tambaya."

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ɗan aiken jauro ne ya ce sunanta Ruƙayyatu. Dibora ta faɗi sunan da muryar nan tata, sai yarinyar ta waiga baya kamar wata ake kira. Malama ta ɗauka kunyar baƙunta ce. Ta kama hannunta da karan a ciki, suka zana baƙin a ƙasa tare: ƙafa ɗaya a tsaye, ciki a sama, ɗaya ƙafar ta miƙa gaba kamar mai shirin tafiya. Ta ce, "Wannan naki ne. Kowane lokaci kika rubuta sunanki, shi zai tsaya a gaba, ya fi sauran girma."

Daga ranar yarinyar ta kama abin kamar ta sha shi a nono. Ita ce take fara miƙewa idan an kira suna, ita ce ta fara gane cewa Talata da Janairu ma sunaye ne. Idan aka fita hutu wasu suna guje-guje, ita tana gefe tana zana baƙinta a ƙasa, ta share, ta sake. Dibora tana kallonta tana jin daɗi har cikin ranta, kuma ba ta ɓoyewa. Har ta faɗa wa hedimasta, Malam Kalibu, cewa yarinyar nan wata rana ita za ta riƙe kara a gindin tsamiyar nan.

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, Malam Kalibu ya sa ranar iyaye, a zo a ga abin da yara suka koya. Dibora ta shirya nata shirin, kuma ta tabbata babu ajin da zai kamo nata. Za a jera yara a can ƙarshen fili, kowa da karansa. Uwaye za su tsaya a wannan gefen. Kowace uwa ta kira ɗanta da sunansa, yaro ya sheƙo da gudu ya zana babban baƙin sunansa a gabanta. Ta aika musamman a gaya wa gidan Hammanjoda su zo. A lissafinta, idan suka ga 'yarsu ta fi kowa, maganar bin shanu ta mutu.

Ranar ta zo, fili ya cika. Matan Kamwe da na Gude sun ci ado, maza sun jeru a inuwa. Asta, uwar yarinyar, ta iso da ƙwaryar nono a ka, ta sauke ta a gefe ta tsaya bayan mata. Hammanjoda ya tsaya can nesa, ya gicciya sandarsa a kafaɗa.

Aka fara. Wata mata Salomi ta buɗe maƙogwaro ta ce, "Zira!" Sai ga yara huɗu sun taho a guje. Fili ya ɗauki dariya, har Malam Kalibu yana share hawaye. Dibora ta kori uku da kara, na huɗun ya zana baƙinsa mai kusurwa biyu, uwarsa ta rangaɗa guɗa. Aka kira Vandi, aka kira Dokas, aka kira Adi. Kowane yaro ya zo ya yi nasa, ana tafi. Dibora ta bar gwanarta a ƙarshe da gangan. Da fili ya rage saura yarinya ɗaya tsaye da karanta, ƙafarta ɗaya a gaba tana jiran kira, Dibora ta je ta kamo hannun Asta ta fito da ita gaban mutane, tana ce mata Adda, wato yaya da Fillanci.

"Adda, kira 'yarki."

Asta ta dubi ƙasa.

"Kira ta mana, ga ta can tana jira."

Asta ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Dibora ta zaci Hausa ce ba ta ji sosai, sai ta yi abin da take yi wa yara idan kalma ta yi musu wuya. Ta tsaya a gabanta, ta buɗe baki sosai, ta rarraba mata: "Ru, ƙay, ya, tu. Faɗi bayana. Ai ke kika haife ta!"

Wasu mata suka yi dariya, ba da mugunta ba. Amma tsofaffin da ke inuwa suka yi tsit. Hammanjoda ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya juya, ya kama hanya. Asta ta zare hannunta a hankali, ta ɗora gammo, ta ɗauki ƙwaryarta ta bi shi. Yarinyar ta daɗe tsaye a ƙarshen fili da ƙafarta a gaba. Daga baya ta ajiye karan a ƙasa, ta bi bayan uwarta.

Da jama'a suka watse, Malam Kalibu ya kira Dibora ƙofar ofishinsa. Dattijo ne da ya daɗe cikin Fulani, har yana jin Fillanci kamar su.

"Malama, kin san abin da kika yi?"

"Na ce uwa ta kira 'yarta, Malam. Wane laifi ne a ciki?"

"'Yar fari ce. Bafulatana ba ta faɗin sunan ɗan farinta, daga ranar suna har ta koma ga Allah. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, sunan uwar Hammanjoda aka maya wa yarinyar, shi ya sa suke ce mata Dada. Kin tsayar da mace a gaban mijinta da dattawan gari, kin ce ta kira sunan surukarta da ke kabari, da ƙarfi, kamar mai tallan gyaɗa. Da na san shirinki da na hana."

Dibora ta ji kunya ta kama ta tun daga tafin ƙafa. Ta san matan Fulani ba sa faɗin sunan miji, wannan kowa ya sani. Amma a ce uwa ba za ta kira 'yar cikinta ba? Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta tausayi, ta rasa wanne ya fi. Sai a lokacin ta tuna yadda yarinyar ta waiga baya ranar farko.

Malam Kalibu ya ce, "Ki bar maganar. Ba za su dawo da ita ba. Na san mutanen nan, ba za su yi faɗa da ke ba, sai dai ki nemi yarinya ki rasa."

"Ni na ɓata, ni zan gyara."

"Da me za ki gyara?"

"Ban sani ba tukuna. Amma zan je."

Washegari wurin zaman yarinyar ya kasance wayam. Dibora ta tambaya, Vandi ya ce da irin Hausar Mubi da ba ruwanta da mace ko namiji, "Dada bai zo ba, Malama. An ce ya bi maruƙa." Haka makon ya ƙare. Idan ta kira "Mubi" yara suka miƙe, idonta yakan kai wurin da ba kowa, sai ta ji wasan ya fita daga ranta.

Ranar Asabar ta ɗaura zane, ta ƙulla goro a ganye, ta kama hanyar Mugulbu. Ta tarar da Hammanjoda a bakin turke yana cire wa wata saniya kaska. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi yara, kamar babu abin da ya faru. Da faɗa ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta ajiye goron a gabansa ta ce, "Baba, na zo ba da haƙuri ne. Ban san al'adarku a kan wannan ba. Da na sani, da ban tsayar da ita ba."

Ya ce, "Ba komai, Malama. Wanda bai sani ba, ba a riƙe shi." Ya ci gaba da aikinsa, sannan ya ƙara da cewa, "Amma yarinya ya isa haka. Ruwa na ɗaukewa za mu tashi. Ni na ɗauka karatu kuke koyarwa. Ashe koya wa yara ake yi su riƙa wasa da sunan manya a fili. Sunan nan, ni da na sha nononta ban taɓa sa shi a bakina ba."

Da wata ce, da jin haka sai ta yi sallama ta koma. Dibora ba irin wannan ba ce. Ta ce, "Ka ba ni izini in gaisa da Adda." Ya ɗaga mata hannu alamar ta shiga.

Asta tana zaune a inuwar bukka, gefenta ɗan garwashi, ta sa bakin wata 'yar wuƙa a ciki. Sabuwar ƙwarya take yi wa zane. Idan wuƙar ta yi ja, sai ta ɗauko ta ja layi a jikin ƙwaryar, hayaƙi ya tashi, baƙin zane ya zauna. Yarinyar ba ta nan, ta kai maruƙa bakin ruwa. Dibora ta zauna, suka gaisa. Ta ba da haƙuri, Asta ta ce ya wuce. Ƙaurin ƙwarya ya cika wurin.

Dibora ba ta iya riƙe tambaya a ciki ba. Ta ce, "Adda, don Allah, idan ta yi nisa yaya kike kiranta?"

"In ce ke. Ko in ce Dada. Yana ji."

"Kuma ba ya damunki?"

Asta ta mayar da wuƙar cikin garwashi. Ta ce, "Mai sunan nan, ita ta riƙe ni da na zo gidan nan ban san komai ba. Ita ta karɓi haihuwar da hannunta. Ba ta ga ranar suna ba." Ta juya ƙwaryar a cinyarta. "Ranar nan a makaranta, da na ga yarinya tsaye shi kaɗai, kowa an kira shi ya gudu wurin uwarsa, sunan ya zo mini har nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Amma ba ya fita, Malama. Ko an yanka ni ba ya fita."

Dibora ta ji hawaye na neman zubo mata, ta danne. Ita da ta zo tana ganin kamar an hana uwa son 'yarta, sai ta tarar da son ya fi ƙarfin baki ne kawai.

Sai Asta ta nuna bayan bukka da haɓa. A inda ake zubar da toka, an zana baƙin nan, an sake zanawa, ya kai goma sha, manya da ƙanana. Ta ce, "Kullum abin da yake yi ke nan. Shi ne abin da zai zana mini ranar?"

"Shi ne. Farkon sunanta ke nan."

"Yana magana?"

"Ba ya magana sai wani ya buɗe baki. Idan ba a buɗe ba, ido ne kawai yake ji."

Asta ta dubi tokar, ta dubi ƙwaryar da ke cinyarta. Ta ce a hankali, "To wanda ya zana, ya faɗa ke nan?"

Nan Dibora ta ga ƙofa, kuma ita ba ta ganin ƙofa ta tsaya a waje. Ta lura Hammanjoda ya matso yana gyara wata igiya da ba ta buƙatar gyara, kunnensa yana wurinsu. Ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, in tambaye ka. Tsagar da ke kunnen shanunka, ta mece ce?"

"Shaidar gidanmu ce. Tun kakana."

"Idan saniyarka ta ɓata ta shiga kasuwar Mubi, wanda ya ga kunnen zai san ta wane ne?"

"Duk Bafillacen ƙasar nan zai sani."

"Ka buɗe baki ka faɗi sunan kakanka?"

Dibora ta tsinci kara, ta share ƙasa da tafin hannu a gaban bukkar, ta rubuta kalmomi a jere tana faɗa: nono, saniya, bukka, mayo. Duk ƙanana, kansu ɗaya. Sannan ta matsa gefe ta rubuta sunan, wannan karon bakinta a rufe. Ta ja baƙin farko ya yi tsawo, ya tsere wa duk abin da ke ƙasan.

Hammanjoda ya sunkuyo. "Me ya sa wannan ya fi sauran?"

"Don sunan mutum ne. A boko ba a haɗa sunan mutum da na akuya. Dole a ɗaga shi. A ajina, yaro ba ya jin suna yana zaune, sai ya miƙe tsaye. Abin da nake koya musu ke nan tun farkon shekara. Kuskurena a baki yake, Baba, ba a karatun ba. Ku kuna girmama suna da shiru, mu da tsayuwa. Yarinyar nan ta iya duka biyun, kuma ban taɓa koyar da mai kanta ba. Kada ka hukunta ta da laifina."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya miƙe ya ce shanu na jiransa, ya yi mata sai an jima, ya tafi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dibora ta yi sallama da Asta ta kama hanya. Da ta kai bakin shinge ta waiga, sai ta ga Asta ta kori wata kaza, ta ɗauko tsohuwar ƙwarya ta kife a kan rubutun. Ko don kada a taka ne, ko don kada a gani, Dibora ba ta sani ba. Ta zaɓi na farko, ta tafi gida da shi.

Litinin ta zo, yarinya ba ta zo ba. Malam Kalibu bai ce "ai na faɗa miki" ba, amma fuskarsa ta faɗa. Dibora ta ce masa, "Ruwa bai ɗauke ba tukuna, Malam." Ta hana kowa zama a wurin yarinyar.

Ranar kasuwa da hantsi tana gindin tsamiya da yaranta, ta ce "kare", duk sun tsuguna, sai ta ga idanunsu sun bar kanta sun koma hanya. Asta ce tafe da sabuwar ƙwarya a ka, 'yarta tana biye. Ba su nufo tsamiya ba. Asta ta kai yarinyar can ƙarshen fili, daidai inda ta tsaya ranar iyaye, ta tsinci kara ta danƙa mata, ta bar ta a nan. Ita kuma ta tako har inda uwaye suka tsaya. Dibora ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, sai wani abu ya ce mata ta yi shiru, kuma a karon nan ta ji magana.

Asta ta sauke ƙwaryar daga kanta. Babu nono a ciki. Ta juya ta, ta ɗaga ta sama da hannu biyu, ta fuskantar da ita wajen 'yarta. A tsakiyar zanen da aka saba gani a ƙwaryar Fulani, layuka da kusurwoyi da 'yan ɗigo-ɗigo, ga baƙin nan an ƙona shi da wuƙa, daga gindin ƙwarya har bakinta, ƙafa ɗaya a tsaye, ɗaya ta miƙa gaba. Duk sauran zanen sun ja baya sun ba shi wuri.

Yaran da ke tsugune suka gan shi. Ba wanda ya ce musu komai. Suka yi zumbur gaba ɗaya suka miƙe tsaye. Zira mai gardama ya ja numfashi zai karanta da ƙarfi, Dibora ta toshe masa baki da tafin hannu.

Yarinyar ta sheƙo. Ba a taɓa ganin ta yi irin wannan gudun ba, har ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiga ba. Ta iso gaban uwarta tana haki, ta durƙusa ta zana baƙinta a ƙasa, sannan ta yar da karan ta rungume ƙafafun uwar. Asta ba ta sunkuya ta rungume ta ba, ba a haka da 'yar fari a gaban mutane. Ta dai sauke ƙwaryar ta ɗora hannu ɗaya a kan yarinyar, ta kau da fuska gefe.

Daga nan Asta ta ce wa Dibora, "Babansa ya ce idan shanu sun tashi, yarinya zai zauna wurin goggonsa a Sahuda, ya yi karatu. Amma ya ce a makaranta ku kira sunan, a gida ya riƙa rubutawa kawai."

"Na ji, Adda. Na gode. Ki ce wa Baba na gode."

Asta ta naɗe gammonta ta ɗora ƙwaryar a ka, ta juya baƙin ya dubi gaba. Ta yi taku kaɗan sai ta tsaya, ba tare da ta waiwayo ba.

"Malama, ya ji ko?"

Dibora ta dubi yarinyar da ke share hawaye da bayan hannu, da 'yan ajin da har yanzu suke tsaye ba wanda ya tuna ya zauna. Ta ce, "Ta ji, Adda. Kin kira, ta zo."